Ƙafar Kancil da Cikin Jarah

Har yau in aka tambaye ni wa ya jawo abin, Deraman nake nunawa, don surukina ne kuma ba ya iya mayar mini da magana. Amma tsakanina da Allah, ni Kalsom ni na jawo.

'Yata Jarah shekararta bakwai a gidansa. Ciki biyu suka zube, na uku ne ya zauna har ya shiga wata tara. Tun ranar da ungozoma ta shafa ta ce akwai, na tattara 'yan tsummokarana na dawo gidansu, na kafa wa Deraman dokar da uwata ta kafa wa mijina. Ba yanka kaza, ba fasa kan kifi, ba buga ƙusa, ba ɗaure dabba. Kowa a bakin kogin Tembeling ya san dalili: abin da miji ya yi wa mai rai alhali matarsa na da ciki, da shi ɗan zai fito a jikinsa. Akwai mutum a ƙauyenmu da aka haifa da tsagaggen leɓe, kuma tsofaffi sun tuna ranar da ubansa ya fizge ƙugiya daga bakin kifi. Liman yakan ce wannan ba ya cikin littafi. Na ji, ban musa ba, amma ba liman ne ya binne ƙunshi biyu a bayan gida ba.

Deraman ya bi doka, ba zan ci haƙƙinsa ba. Tsagar roba kaɗai na bar masa, don bishiya ba ta da jini, kuma da farin ruwanta muke cin shinkafa.

Ana nan, wata safiya Jarah ta ture kwanon abinci gefe, ta sunkuyar da kai, ta kira ni Mak, yadda muke ce wa uwa.

“Mak, naman kancil nake so.”

“Naman me?”

“Kancil. Gasasshe, da barkono da gishiri. Kwana uku ke nan ƙanshinsa nake ji a hancina, ko ruwa na sha sai in ji shi.”

Wannan ma da tata dokar. Mai ciki in ta yi kwaɗayin abu ba a ba ta ba, ɗan zai zo yana dalalar miyau, ya yi ta zuba har ya girma. Da ta ce ayaba ko ƙwan kifi, da kafin azahar na kawo mata. Amma kancil! 'Yar gadar kurmi ce da ba ta wuce kyanwa ba, ba ƙaho, sai idanu dara-dara, ƙafafunta kamar ƙaramin yatsana. Ba a kiwonta, ba a sayar da ita a ƙauye, sai an shiga kurmi an ɗana mata tarko. Ga shi mai gidan an hana shi taɓa igiya.

Sai na yi dabara, ni mai wayo. Na tafi wurin yayana Seman.

A zamaninsa babu wanda ya kai shi sanin kancil. Yakan zauna a gindin bishiya da busasshen ganye da 'yan tsinkaye biyu, ya kaɗa ganyen da sauri kamar yadda namijin kancil ke dukan ƙasa da ƙafafunsa na baya, sai ka ga wani ya fito daga duhuwa da 'yan fiƙoƙinsa yana neman abokin faɗa. To, wancan Seman ɗin ya tafi. Wanda ya rage ya haura saba'in, idanunsa sun yi yana, hannunsa na karkarwa.

“Abang,” na ce masa, don haka muke kiran yaya, “kai za ka ɗana. Deraman zai raka ka ya riƙe ka a hanya, amma ko ƙwayar igiya kada ya taɓa. Ka ji ni?”

“Na ji ki, Som. Mutanen ƙetaren kogi ma sun ji ki.”

Suka tafi bayan gonar roba, inda wani babban ɓaure ke zubar da 'ya'ya. Suka yi ɗan shinge da rassa, bai wuce gwiwa ba, suka bar ƙofofi a jikinsa. Kancil ba ta son tsallake abu, bin shinge take yi har ta sami kafa. A kowace ƙofa aka lanƙwasa ɗan itace mai danƙo, aka ɗaura masa zarge, aka watsa ganyen rogo.

Rana ta uku da hantsi ina shanya busasshen kifi na hango su tafe. Seman na rungume da kwando, Deraman na biye da shi kansa a ƙasa kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Ban ce komai ba sai da suka shigo ƙarƙashin gida, tsakanin dirkokin da aka ɗora shi a kai, inda Jarah ba za ta gan mu daga sama ba. Na ɗaga murfin kwandon.

Mace ce, jaja-jaja, da fararen zane a maƙogwaro. Tana durƙushe tana haki, ƙirjinta na bugawa har ana gani. Ƙafarta ta baya ta hagu ta kumbura, igiya ta ci fatar daga saman kofato ta zagaye. Sun yanke igiyar amma zargen na nan a jiki. Na sunkuya na dubi ƙullin, na sake dubawa. Na san shi. Kullum ina ganinsa a jikin turken da ake ɗaure kwale-kwale.

“Wa ya ƙulla wannan?”

Seman ya kau da kai.

“Abang, da kai nake. Waɗannan hannayen naka da ba sa kai shayi baki sai rabi ya zube, su suka yi wannan ƙulli?”

“Sau huɗu ina ƙullawa yana kwancewa,” in ji Seman. “Yaron ya ga ruwa na shirin sauka, ya ce in kawo ya taya ni. Guda ɗaya tak ya ƙulla, Som. Ƙofa tara muka yi.”

“Ɗaya tak! Ita kuwa ta tsallake takwas ta zo ta sa ƙafa a tasa!”

“Mak, wallahi na manta,” in ji Deraman. “Hannuna ne ya riga tunanina.”

“Ka manta! Wata tara ina gadin ka kamar akuya a gonar mutane, sai yanzu da ya rage kwana kaɗan ka manta? Ƙaton banza! Dube ta. Dubi ƙafar nan da kyau, don ka gane ta in ka gan ta a jikin ɗanka.”

Da na faɗi haka sai na ji maganar ta koma mini ciki. Na zauna a kan turmi. Na ga jariri da ƙafar hagu a shanye, na gan shi yana jan ta a tsanin gida, na ga yara na yi masa dariya a bakin ruwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da mijina ya rasu.

Seman ya lalubi ƙafar da yatsunsa, a hankali, daga cinya har kofato. Ya ce ƙashi bai karye ba. Sai na yanke shawara a take, ba wanda na tambaya. Ba za a yanka ta ba. In aka yanka, ta mutu da raunin, raunin ya zauna ke nan. Za mu ajiye ta mu yi jinyarta har ta taka ƙafar nan ta tsaya a kan huɗu, kafin Jarah ta durƙusa. Abin da hannun Deraman ya ɓata, in ya gyaru a jikin dabba, ba abin da zai rage ya bi yaro.

“A ina kika ji wannan?” in ji Seman.

“A bakina. Kana da wadda ta fi ta?”

Ya dai girgiza kai ya ce, “Waɗannan ba sa zama a hannu, Som. Tsoro kaɗai yana kashe su. Za ki kwanta da ita lafiya, ki tashi ki tarar ta sandare.”

Na sa Deraman ya warware zargen da hannunsa. Na kori kaji daga akurki, na share, na shimfiɗa busassun ganye, na rufe gefe uku da tsohuwar tabarma. Na daka gangamau na kwaɓa da man kwakwa na shafa mata. Na ce da su duk wanda ya bari Jarah ta ji, ni da shi ne.

Wunin nan ban zauna ba. Na hau sama in dafa abinci, in sauko, in hau, in sauko. Jarah ta ce, “Mak, yau me ke ƙarƙashin gida?” Na ce kaza ce ke kwanci, tana neman fasa ƙwai. Deraman ya tafi ya tsinto ɓauren da ya faɗo, ya kawo ɗanyen ganyen rogo da na dankali, muka tura wa kancil ɗin. Ko kallo ba ta yi ba. Ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashinta, ta kafe mu da idanun nan ba ƙiftawa. Zakara na yin cara sai ta zabura ta bugi gorar akurki da kai, har hancinta ya fashe. Na kama zakaran na kai gidan maƙwabciyarmu Mek Nab, na ce ta riƙe mini shi, kar ta tambaye ni dalili. Kafin magariba na leƙa ya fi sau ashirin ko za ta yi tuƙa, don Seman ya ce in ta soma tuƙa hankalinta ya kwanta. Bakinta ko motsi bai yi ba.

Washegari bayan sallar asuba na sauko ina ta addu'a. Tana da rai. Ɓauren na nan yadda muka bar shi, tururuwa ta rufe shi. Idanunta sun faɗa, ƙafar kuwa har yanzu a ɗage take, ba ta yarda ta taɓa ƙasa. Na kamo ta a cikin zani don in sake shafa magani, na tallafi cikinta, sai na ji tafin hannuna ya jiƙe. Na zaci fitsari ne. Na fito da hannun waje wurin haske, na ga fari.

“Abang! Zo ka ji wannan.”

Seman ya kwana a gidan saboda ita. Ya shinshina yatsana, ya shafa hantsarta.

“Tana shayarwa,” ya ce. “Ɗan bai wuce kwanaki ba, ga yadda ta cika.”

“Ina ɗan? Ba ku gan shi a wurin tarkon ba?”

“Ba ta yawo da shi. Ɗaya take haifa, ta kai shi ƙarƙashin saiwa ko tarin ganye ta ajiye, ta tafi kiwo. Can ta dawo ta ba shi ya sha a tsaye, ta sake tafiya. Shi kuwa ba ya motsi, ba ya kuka, ko taka shi za ka yi. Yana nan inda ta bar shi yana jira.”

“Tun jiya?”

“Ko tun shekaranjiya da yamma, in a lokacin ta faɗa.” Ya goge hannunsa a zaninsa. “Kuma ba shi ke nan ba. Macen kancil ba ta zama wofi. Ranar da ta haihu, ko washegari, take ɗaukar wani. Duk wadda na taɓa feɗewa mai nono, na tarar da ɗan tayi a ciki.”

Deraman ya dafe kai da hannu biyu. Mai ciki muka ɗaure. Mai jego kuma mai ciki, a ƙarƙashin ɗakin mai ciki.

“Mu je mu nemo ɗan,” in ji Deraman.

“Ka nemo me?” in ji Seman. “Abin da bai kai ɓera ba, kalarsa kalar ganye, a kurmin da bai da iyaka? Ni da idanuna na dā ban taɓa tsintar ɗaya ba sai da kare. Uwarsa kaɗai ta san wurin. In ana son ya rayu, yau za a sake ta, kafin rana ta karkata.”

“Ba inda za ta,” na ce, ina magana ƙasa-ƙasa. “Da wannan ƙafar? In ta shiga kurmi tana ɗingishi, wa zai gaya mini ta warke? In muzuru ko mesa ta kama ta da raunin fa? A nan ina ganinta da idona. Kwana uku kawai nake nema.”

“Kwana uku ɗan ya mutu.”

“Ɗan dabba ne, Abang! Ni jikana nake ji.”

“To, in ɗanta ya mutu da yunwa saboda igiyar Deraman, wannan a wace gaɓa zai fito wa jikan naki?”

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. In na riƙe ta, ɗa ya mutu a hannunmu. In na sake ta, ta tafi da gurguwar ƙafa. Ko ta ina na juya sai in ga fuskar Jarah. Na buɗe baki in zage shi, sai muka ji murya daga sama, ta tsakanin tsagin gorar daɓe.

“Mak.”

Muka ɗaga kai. Idon Jarah ne a tsagin.

“Tun jiya nake kallonta. Kazarki mai kofato.”

“Koma ki kwanta, wannan ba maganarki ba ce.”

“Maganata ce, ni na ce ina so. Ku mayar da ita.”

“Jarah, ba ki ga ƙafar ba ne. Mijinki ne ya ƙulla igiyar. In ta tafi a haka…”

“Na ga ƙafar. Na ji wanda ya ƙulla.” Ta ƙara matso da fuskarta jikin tsagin. “Mak, kin tuna na biyun, da ya zo a wata bakwai bai zauna ba? Kin tuna kwana nawa kina ɗaure mini ƙirji da zani? Ni na san yadda nono ke yi in ya cika ba mai sha. Ba zan kwana a kan wannan ba. Ku mayar da ita, ko in sauko in kai ta da kaina.”

Kuma na san za ta sauko, don taurin kan nan a wurina ta sha shi.

Kafin mu tafi na kira Mek Nab ta zauna da ita. Na nuna mata guntun gorar da ke rataye a baranda, wadda ake bugawa in wani abu ya faru, na ce ko ciwon baya Jarah ta ce tana ji, ta buga da ƙarfinta. Deraman ya ɗauki kwando, ni na riƙe hannun Seman. Muka ratsa gonar roba muka shiga kurmi. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi santsi, matsattsaku suka yi ta hawa ƙafafunmu, ban ko tsaya cire su ba. Duk taku sai na dubi inda zan sa ƙafa, don gani nake kowane tarin ganye ɗan ne a ƙarƙashi.

A gindin ɓauren, Deraman ya fara tumɓuke shingen, ya karya itatuwan tarko duka tara. Sannan ya durƙusa, ya yi bismillah, ya kwantar da kwandon a gefe, ya zare murfin.

Ba ta fito ba. Ya ɗan karkata kwandon, sai ta zamo ta faɗi a kan ganye, a gefenta, ƙafafu a miƙe, wuya a lanƙwashe. Ido a buɗe. Ba motsi.

“Innalillahi,” in ji Deraman. “Mak, ta mutu. Na kashe ta.”

“Rufe mana baki!” Na matsa zan taɓa ta, Seman ya damƙe mini hannu, ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

“Kar ki taɓa. Ku ja baya, ku zauna, kar wanda ya yi tari.”

“Abang, ba ta numfashi.”

“Sukan yi haka in tsoro ya kai musu iyaka. Na taɓa kwance wata daga tarko na ajiye a matsayin gawa, na juya in ɗauki wuƙa, ban sake ganinta ba.”

“Wannan ma haka ne?”

“Ban sani ba, Som. Wani lokaci kuma mutuwar ce ta gaske.”

Muka koma bayan wata saiwa muka tsuguna. Na kafa mata ido har idanuna suka yi ruwa. Wani ƙuda ya sauka a gefen idonta, ya yi yawonsa, ba ta ƙifta ba. Tururuwa ta hau ƙafar mai ciwo. Na ce a raina ko cikinta ne ya ɗan ɗaga, sai in ga ganye ne iska ta kaɗa. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Na yi wa Allah alkawarin azumi, na ƙara da sadakar shinkafa, na ce ko ba ta taka ƙafar ba, ta dai tashi.

Sai muka ji gora. Kwas, kwas, kwas, daga wajen ƙauye, ba tsayawa.

Na miƙe, na sake tsugunawa, na sake miƙewa. Ga 'yata can ta durƙusa, ga wannan a kwance ban san matsayinta ba. Ungozoma kuma a ƙetaren kogi take, sai an je da kwale-kwale.

“Ku tafi,” in ji Seman. “Ni zan zauna.”

“Kai? Da wane idon za ka gan ta?”

“Ku tafi na ce. Yawanku ma shi ya hana ta tashi.”

Deraman ya riga ya zura da gudu. Na bi shi ina waiwaye. Abin da na gani na ƙarshe shi ne tsoho makaho-makaho a tsugune, da ɗan jan abu a kwance a kan ganye.

Na tarar faya ta fashe, Jarah na riƙe da zanin da muka ɗaura a jikin azara, Mek Nab na ta salati ba ta tsinana komai ba. Na ɗora ruwa, na shimfiɗa tabarma, na riƙe mata baya. Ta dube ni tana gumi ta ce, “Ta tafi?” Na ce ta tafi. Ƙarya ce na yi mata, kuma zan sake yi in an maimaita. Ungozoma Lijah ta iso bayan azahar, ta kori Deraman waje, ta ce ɗan ya juyo daidai amma yana nawa. La'asar ta yi, ba labari. Jarah ta gaji har ta daina ihu, wannan ya fi ihun tayar mini da hankali. Duk sanda na rufe ido sai in ga ƙudan nan yana yawo a gefen ido.

Rana ta yi ja na ji sandar Seman a gindin tsani. Na fita baranda. Ya sha faɗuwa a hanya, gwiwarsa duk laka, ƙafafunsa jina-jina da cizon matsattsaku.

“Yaya?”

“Ta tashi.”

“Ka gani?”

“Ina na ga ido? Ji na yi. Na daɗe a zaune har ƙafata ta mutu, sai na ji ganye ya motsa. Can sai ta buga ƙasa.” Ya kaɗa yatsu biyu a jikin tsanin, da sauri. “Haka. Sannan ta shige ta wajen rafi. Na lalubi wurin, ba komai.”

“Da ƙafa nawa ta buga?”

“Biyu.”

“Abang, dubi Allah. Ka rantse.”

“Shekara hamsin ina kwaikwayon wannan kiɗan, Som. Ƙafa ɗaya ba ta yin sa.”

Na dubi fuskarsa ina neman ƙarya. Ban samu ba, amma ni ma ɗazu Jarah ba ta samu a tawa ba. Ban kai ga sake tambayarsa ba Lijah ta ƙwala mini kira.

Jaririn ya faɗo ana kiran magariba, namiji, ya tsala kuka. Lijah na cewa barka, Mek Nab na guɗa, ni ko fuskarsa ban kalla ba. Ƙafafun na cafka. Ta dama lafiya. Ta hagu na ga ta lanƙwashe ciki, tafin na kallon ɗan'uwansa.

“Lijah, dubi! Dubi ƙafar!”

“Ke Kalsom, sakar mini yaro in yanke cibiya! Yau kika fara ganin jariri? Wata tara yana naɗe, so kike ya fito a miƙe kamar soja?” Ta sa babban yatsa ta shafi tafin, ƙafar ta miƙe, ya yi shuri ya sami hannuna. “Kin ji ko? Gurgu ne ya shure ki?”

Na zauna a ƙasa na yi kuka da majina a gaban kowa. Amma kar ku ɗauka hankalina ya kwanta a ranar. Kullum in na yi masa wanka sai na jera ƙafafun na gwada tsawonsu. Da ya fara rarrafe na ce yana jan ta hagu, Jarah ta ce idona ne. Yaran da aka haifa tare da shi suka tashi suka yi tafiya, shi yana zaune. Shekara ɗaya da wata biyu na yi ina jira. Seman bai ga ranar ba, ya rasu da damina, kuma har ya tafi bai canza maganarsa ba. Ranar da jikan nawa, Mat Zin, ya saki dirka ya taho wurina taku biyar, na sa Deraman ya yanka zakaran nan da hannunsa, na ce ya yanka duk abin da ya ga dama.

Jarah ba ta ci naman kancil ba, a lokacin ko bayansa. Yaron kuwa ya yi dalala, kai, ya yi dalala! Gaban rigarsa bai taɓa bushewa ba har ya shekara huɗu, duk wanda ya ɗauke shi sai ya canza zani. Matan ƙauye suka yi ta cewa ga abin da ake gudu, uwarsa ta yi kwaɗayi ba a ba ta ba. Na ce ƙwarai kuwa, haka ne. Ni nake wanke rigunan a bakin kogi, shida, bakwai a rana, shi kuma yana ta gudu a kan yashi yana hana ni aiki. Duk masifata, ba wanda ya taɓa jin na yi tsaki a kan wannan wanki.